Sifiri a Ɗakin Injin Orest

Shekara goma sha tara na yi ina yawo da a-kori-kura a garuruwan da ke arewacin birnin Saskatoon, ina saita na'urorin gano yoyon iskar gas. Duk inda aka kafe irin na'urar nan a bango, mayanka ce, ma'ajiyar dankali ce, ko gidan tace ruwa, akwai ranar da za a ji tsayuwar motata a ƙofa. Aikin ba shi da wani kwarjini. 'Yan silinda biyu nake shiga da su: ɗaya iska ce zalla, ɗayar kuma an auna gubar da ke cikinta daidai wa daida. In na shaƙa wa na'urar ta farko, dole ta nuna sifiri. In na shaƙa mata ta biyu, dole ta faɗi adadin da ke rubuce a jikin silindar. In ta kauce sai in gyara mata zama, in manna sitika mai kwanan wata da sunana, Glenda Pruden, in kama hanya.

Cikin duk wuraren nan, zauren wasan ƙanƙara na Korvin ne nake ɗokin zuwa. Garin bai fi mutum ɗari shida ba, kusan duk manoman alkama. Da an kammala girbi sai rayuwar garin ta tattara ta koma zauren: yara na hoki, wasan da ake yi da sanduna a kan ƙanƙara, iyaye na bayan gilashi da kofuna a hannu suna kushe alƙalin wasa. Injin da ke daskarar da filin da amoniya yake aiki, wata iskar gas mai zarni da guba. Yana wani ɗaki a bayan ginin, ƙofarsa ta waje take, makullin kuma a aljihun mutum ɗaya, Orest Bodnar.

A lokacin da abin nan ya faru Orest yana da shekara sittin da bakwai, talatin da takwas daga ciki a zauren ya yi su. Matarsa Halyna ta rasu, 'ya'yansa biyu suna can bakin teku, shi kaɗai yake a gida. Yaran garin Dido suke kiransa, kamar yadda suke kiran kakanninsu. Kuma babu wanda bai san labarin hancinsa ba. Wai tun kafin a kafa na'ura a ɗakin, wata Asabar ya sauko daga motarsa, ya tsaya cak a wurin ajiye motoci, ya ɗaga kai, ya ce a fitar da kowa daga zauren. Da aka duba, ashe wani bututu ne ya tsage. Na ji labarin nan a bakin mutum ya fi goma, kowa da irin nisan da yake ba wurin da ya tsaya.

Sau biyu nake zuwa Korvin a shekara: Satumba, in za a tayar da injin, da kuma Janairu, tsakiyar kakar wasa.

A Satumbar shekarar na same shi a ƙofar ɗakin yana goge hannu da tsumma.

"Ga likitar bango nan," in ji shi. "Kin zo ki gaya mana abin da muka riga muka sani?"

"Na zo in ga wa zai riga lalacewa, kai ko injin."

"Injin nan ya girme ki, Glenda. Ki riƙa gaishe shi kafin ki taɓa shi."

"Kai da ka girme shi ma ban gaishe ka ba."

"Na lura. Tarbiyyar birni ke nan."

Na hau ɗan tsanina, don na'urar can sama take, tunda amoniya sama take yi. Na sa mata murfi, na jona tiyo, na buɗe iskar zalla: sifiri. Na canza silinda, wadda hamsin ke rubuce a jikinta. Lambar ta fara hawa. Tana kai ashirin da biyar jiniya ta ɗauka, babbar fankar rufi ta tashi, kamar yadda aka tsara. Ta tsaya a arba'in da takwas. Na ɗan taɓa ta, ta cika hamsin.

Ina saukowa sai ga Verna Klassen, shugabar kwamitin zauren. Ita ke riƙe da gidan wayar garin, kuma mace ce da ba ta kewaye-kewaye.

"Glenda, tambaya gare ni, kuma kar ki ba ni amsar 'yan kasuwa. Dole ne sai kin zo sau biyu?"

"Kin gaji da ganina ne?"

"Rufin arewa yana yoyo a kan kujeru. Kwamiti ya ce in duba duk inda za mu ɗan numfasa. Na karanta takardunki na shekara shida, ban ga ranar da kika samu abin nan da matsala ba."

Tambayar "sau nawa" babu wurin da ba a taɓa yi mini ita ba, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. Akwai wata mayankar aladu da nake zuwa duk wata, saboda tururi da ruwan wanki ba sa barin na'ura ta zauna lafiya. Akwai wuraren wata uku, akwai na wata shida. Yadda aka koya mini shi ne, a fara da zuwa a kai a kai, in tarihin na'urar ya nuna ba ta kaucewa sai a tsawaita. Tarihin Korvin kuwa tas yake. Zuwa goma sha biyu, ba ta taɓa kaucewa da fiye da uku ba. Ɗakin a share, babu ƙura, babu laima. Ƙwayar da ke cikinta, wadda ita ce ke shaƙar iskar, bara na sa sabuwa.

Ban yi ƙarya ba, ban kuma yi irin gangancin da za a nuna da yatsa ba. Na ce mata sau ɗaya a shekara zai yiwu, duk Satumba. Sannan na ƙara wata magana. Cikin raha na yi ta, amma har zuciyata haka nake nufi.

"Ballantana ga Orest. Kullum sau uku yake shiga ɗakin nan. Kafin wannan ta farka shi ya riga ya ji."

Verna ta yi dariya. Orest bai yi ba. Ya ninke tsumman hannunsa, ya sake ninkewa, ya ce bari ya je ya duba ruwan da ya bari yana zuba a fili. Na ɗauka kunyar yabo ce. Na rubuta a sitikar cewa zuwa na gaba sai Satumba mai zuwa.

Janairu ya zo ya wuce ban taka Korvin ba.

Ranar Juma'ar ƙarshe ta Fabrairu na taso daga wata ma'ajiyar dankali zan koma gida, hanyar kuma ta gefen Korvin ta bi. Yunwa ce ta sa na ratse, don matan kantin zauren suna yin wata miyar kabeji da ba a samun irinta a hanya. An rataya ƙyalle a bakin gari: gobe gasar hoki ta yara, garuruwa takwas. Sanyin ranar irin wanda da ka fito daga mota gashin hancinka zai daskare ne. Na ga motar Orest a bayan ginin, na ce bari in fara leƙa shi.

Ina tura ƙofar ɗakin injin zarnin ya doke ni. Ba ɗan warin nan da ba a rasawa a irin ɗakunan ba. Wannan har maƙogwaro na ji shi, idanuna suka kawo ruwa nan take. Orest na zaune a kan bokitin da ya kifa, tabarau a karan hanci, yana kwafar lambobin agogunan injin a littafinsa, hankali kwance. Na ɗaga kai. Fitilar na'urar kore shar. Sifiri. Ga sitikata a ƙasanta.

"Orest, fito."

"Yau kuma daga ina? Ko gaisuwa babu?"

"Fito mu gaisa a waje."

Ya dube ni, ya ga ina share ido da bayan hannu. Wani abu ya gifta a fuskarsa. Ya rufe littafin ya biyo ni.

Na danna makunnin fanka na waje, na ruga mota na ɗauko 'yar na'urata ta hannu. A bakin ƙofa ta nuna talatin da takwas. Na miƙa ta ciki iya tsawon hannuna, ta haura sittin tana kuka. Na ja ƙofar na rufe.

Na san duk Juma'a ana kawo 'yan makaranta wasa. "Ƙarfe nawa suke zuwa?"

"Ɗaya da rabi."

Saura minti arba'in ke nan.

"Kashe injin."

"Glenda, gobe gasa fa."

"A wannan sanyin ƙanƙararka ba inda za ta je. Kashe shi."

Ya buɗe akwatin da ke jikin bango ta waje, ya danna jan maɓallin. Ƙugin injin ya mutu. Ban taɓa jin ginin nan shiru haka a lokacin sanyi ba.

Na kira Verna na ce ta tsayar da motar makaranta. Ba ta tambaye ni dalili ba sai da ta kira makarantar, sannan ta dawo kaina. Na kira Lorne mai facin taya, wanda shi ne shugaban 'yan kwana-kwana na sa kai. Suka zo su huɗu, suka fitar da matan kanti da wasu tsofaffi uku da ke karta, suka zagaya zauren da na'urata. Cikin zauren babu komai, iskar ba ta ƙetara bango ba. Makanikin injin kuwa tafiyar awa biyu ce tsakaninmu da shi, da na kira shi ya ce ga shi nan tafe.

Da fankar ta yi aikinta lambar ta sauko, na sa abin rufe fuska na hau tsani. Na jona silindar hamsin, na buɗe, na zuba wa agogona ido. Minti ɗaya, sifiri. Minti biyu, ta nuna uku. Na bar ta har minti biyar, na ƙarar da iskar da za ta yi mini aikin wurare uku. Ba ta wuce huɗu ba.

Makanikin ya iso wajen ƙarfe uku, bai yi minti ashirin ba ya gano wurin. Wani bawul ne, wato mabuɗin bututu, a bayan injin, can inda ido ba ya kaiwa, abin da ke toshe wuyansa ya saki. Ya haska mini tabon man da ya bi bututun ya bushe, wani a kan wani.

"Wannan ba na jiya ba ne," in ji shi. "Tun wajen Nuwamba. Kaɗan-kaɗan ya fara, sanyin makon nan ne ya ƙara buɗe shi."

Ba sai ya ƙarasa ba. Ƙwayar irin na'urar nan da guzurinta take zuwa. Ɗan sinadari ne a ciki, duk amoniyar da ta shaƙa sai ta ci wani abu daga cikinsa. In yoyon ƙarami ne, wanda bai kai na tayar da jiniya ba, haka za ta yi ta shaƙa ba hutu har guzurin ya ƙare. In ya ƙare kuma ba ta sanarwa. Sifiri take nunawa, fitilarta kore, daidai da ranar da komai ke lafiya. Na san wannan tun shekarata ta farko a aiki. Da na zo a Janairu da na same ta tana faɗin ashirin a maimakon hamsin, da na nemi dalili, da an leƙa bayan injin.

Na sa sabuwar ƙwaya daga cikin waɗanda ke mota. Sabuwa sai ta kwana a jone kafin a saita ta, don haka na san a Korvin zan kwana. Na fito neman Orest. Lorne ya ce ya kai shi ɗakin shan magani, nas ta duba ta ce idanu da maƙogwaro sun yi ja amma ƙirjin lafiya. Na same shi cikin zauren, a layin kujeru na sama, shi kaɗai, hula a gwiwa. Rana ta yi ƙasa, haskenta ya shigo ta tagogin yamma ya kwanta a kan ƙanƙarar da ya gyara tun safe, wadda ba wanda ya taka.

Na kawo kofi biyu na gahawa na zauna kusa da shi. Niyyata in ba shi haƙuri. Ya riga ni magana.

"Kin ga wannan," ya ɗaga kofin, "ruwan zafi ne kawai a wurina. Rabona da jin ƙanshinsa shekara biyu ke nan."

Na ajiye nawa kofin, ya ci gaba.

"Murar nan da ta kwantar da ni, shekarar da kika zo kika samu Lorne da makulli. Na warke, hancin bai dawo ba. Na ce zai dawo. Wata rana na ɗora miya na shiga falo, sai da hayaƙi ya rufe talabijin na san tukunyar ta ƙone."

"Idanun fa? Ba ka ji suna yaji ba?"

"Tun Kirsimeti. Na sayi maganin ɗigawa. Na ce tsufa ne da sanyi." Ya juya kofin a hannunsa. "A Nuwamba na ga abin naki yana nuna biyar, wata rana shida. Na ce in ya ƙara zan kira ki. Bai ƙara ba. Ya sauko uku, ya koma sifiri. Har daɗi na ji."

"Ranar da na yi maganar nan gaban Verna, kana tsaye."

"Ina tsaye."

"Me ya hana ka cewa wani abu?"

Ya ajiye kofin kusa da ƙafarsa.

"In na faɗa, ranar Litinin kwamiti zai zauna. Su yi mini walima, su ba ni agogo mai rubutu a baya. Daga nan fa? In zauna a gida ina kallon kujerar Halyna?" Ya goge ido. Ban san ko amoniyar ce ba. "Na ce a raina, ai ga na'urar Glenda nan. Ba ta taɓa kuskure ba. Ita za ta ji mini."

"Ni kuma na ce ga Orest nan."

"To," in ji shi. "Ashe ɗakin babu kowa."

Can ya tambaya, ba tare da ya dube ni ba, ko zan sa maganar a rahotona.

"Rahotona na na'ura ne. Zan rubuta ta mutu, zan rubuta dalili, zan rubuta ni ce na tsawaita lokacin. Hancinka ba ya cikin takardata."

Ya sauke numfashi.

"Amma Orest, ba zan bar mutanen nan suna dogaro da abin da babu shi ba. Ko ka faɗa musu, ko in faɗa."

"Ke dai ba ki da daɗin sha'ani."

"An sha gaya mini."

Washegari da safe na saita sabuwar ƙwayar. Ta hau hamsin tiryan-tiryan, jiniyar ta firgita matan kanti. Makanikin ya tayar da injin, aka fara gasar da tsakar rana maimakon ƙarfe takwas. Yaran Korvin suka sha kashi a wasanninsu biyu.

Kwamitin ya zauna ranar Lahadi bayan an taso daga coci, a cikin kantin, su shida. Na dawo daga Saskatoon musamman. Ni na fara. Na gaya musu abin da ya faru da ƙwayar, na ce shawarar zuwa sau ɗaya tawa ce, ni na sa hannu.

Wani manomi mai suna Arlen Voth, wanda jikokinsa biyu ke cikin motar makarantar ranar Juma'a, ya naɗe hannu a ƙirji.

"To wannan sitikar taki me take nufi? Na karanta ta. Ta ce lafiya lau har Satumba."

"Ba haka ta ce ba, Arlen, amma na san haka kowa ke karanta ta. Abin da take nufi shi ne, ranar da na manna ta na'urar tana faɗin gaskiya. Abin da zai same ta washegari, sitikar ba ta sani ba. Ni ma ban sani ba."

"Amma kika ce mu tafi shekara a haka."

"Na ce."

Yana shirin ƙarawa Orest ya miƙe. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce shekara biyu ke nan ba ya jin warin komai, ya ce ya ɓoye, ya ce ya ga lamba a Nuwamba bai kira kowa ba. Ya zaro makullin daga aljihu ya ajiye a kan tebur, ya koma ya zauna.

Ba wanda ya taɓa makullin. Verna ce ta fara magana.

"Ni ce na kawo maganar rufi," in ji ta. "Kar a manta da wannan in ana rabon laifi." Ta juyo gare ni. "Glenda, mutumin da ba ya jin wari zai iya riƙe ɗakin nan?"

"Zai iya, in an daina ɗaukarsa na'ura. Da ma bai kamata in ɗora wannan a kan hancin kowa ba, ko lafiyarsa ƙalau. A sa masa 'yar na'urar hannu a wuyan riga, kar ya shiga ɗakin babu ita."

"Ta bangon fa? Sau nawa? A wannan karon ki ba ni amsar da za ki iya kwana da ita."

Na ce zan riƙa zuwa Satumba, Disamba da Maris. Tsakanin zuwa da zuwa kuma, duk Litinin a shaƙa mata iskar silinda na minti biyu, ba don a saita ta ba, don kawai a ga tana amsawa. Sannan duk ranar da ta nuna wata lamba da ba sifiri ba, ko ɗaya ce, ko ta koma da kanta, a kira ni.

"Wa zai riƙa hawa tsanin duk Litinin?" in ji Verna. Ta tura makullin da yatsa ɗaya ya koma gaban Orest. "Ni dai gwiwoyina ba za su iya ba."

Biyar suka yarda. Arlen bai yarda ba, kuma bai ɓoye ba. Ya ce shi ba hancin ne ya dame shi ba, ɓoyewar ce. Orest ya ce gaskiyarsa ce. Sun yi kusan shekara ba sa wuce gaisuwa. Rufin arewa kuwa sai da ya ƙara shekara guda, da bokitai a kan kujeru.

Ni ma da na koma gida na fito da takarduna. Wurare bakwai na samu da na taɓa tsawaita musu lokaci. Na bi su ɗaya bayan ɗaya a cikin Maris. Shida lafiya. Na bakwai wani gidan tace ruwa ne, na tarar sun canza sabulun wanke ƙasa tun bazara, na'urar ta kauce da kusan rabi, ba wanda ya ga dalilin gaya mini maganar sabulu. Har yanzu ina tsawaita wa wasu wuraren lokaci in tarihinsu ya nuna haka. Sai dai kafin in sa hannu nakan tsaya in tambayi kaina, ban da lambobin nan, da me kuma na dogara. In amsar sunan mutum ce, sai in je in zauna da shi, mu biyu kawai, ba a gaban shugabansa ba.

Orest ya ƙara hunturu uku a zauren. Ban ce ya riƙa kirana duk Litinin ba, rubutawa kawai na ce ya yi, amma ƙarfe tara da kwata wayata za ta yi ƙara, ko ina kan tsani ko ina kan hanya.

"Arba'in da tara," zai ce. Ko, "Arba'in da bakwai, kuma tiyon nan naki ya yi gajere." Shi ke nan, ya kashe.

Da ya ajiye aikin, da kansa, wata mata mai suna Twyla ta karɓi makullin, bayan ta yi kwas ɗin injin sanyi. Litinin ta farko a kakar wasan ina hanyar wata mayanka. Tara da kwata ta yi, tara da rabi ta yi, wayar shiru. Na san ba dole ne ta kira ba. Duk da haka na gangara gefen titi, kusa da wata gonar da aka gama girbewa, na kira ta.

"Hamsin cif," in ji Twyla. "Na rubuta. Akwai matsala ne?"

"Babu. Ji kawai nake so in yi."

"To tunda kin kira, ki yi wa tsohon nan magana. Tun ƙarfe takwas yake zaune a bakin ƙofa da kofinsa, wai ban iya riƙe tiyo ba."

Na jiyo muryar Orest daga nesa yana cewa ai gaskiya ya faɗa. Na ce ta ba shi wayar.